Fuskar Wa Za a Sa a Tallar Ɗaukar Soja? Fashin Baƙi Kan Taƙaddamar Jinsi da Launin Fata a Amurka

Shin fuskar da ake nunawa a tallar ɗaukar soja tana iya ƙarfafa runduna ko ta raunana ta? Wannan tambaya ce Amurkawa ke ta kai ruwa rana a kanta tun watan Mayun 2021, lokacin da rundunar sojan ƙasa ta fitar da wasu gajerun finafinan zane guda biyar masu suna "The Calling", wato kira, inda kowanne ya ba da labarin wani soja na gaske da dalilin da ya sa ya sanya kaki. Wanda ya fi tayar da ƙura a cikinsu shi ne na wata kofur mai suna Emma, wadda ke aiki da makaman kakkaɓo makamai masu linzami samfurin Patriot, kuma wadda tallar ta nuna cewa mata biyu da suka auri juna ne suka rene ta. Cikin 'yan makonni aka haɗa wannan talla gefe da gefe da wata ta sojan Rasha, mai nuna ƙarti masu aski ƙwal suna motsa jiki, suna dirowa da lema daga jirgin sama, suna saita bindiga cikin dusar ƙanƙara. Sanata Ted Cruz na jihar Texas ya yaɗa wannan haɗin a Twitter, yana mai cewa rundunar da aka zare wa mazakuta ba dabara ba ce. Sanata Tammy Duckworth, wadda ta rasa ƙafafunta biyu a Iraƙi a 2004 lokacin da aka harbo jirgi mai saukar ungulu da take tuƙawa, ta mayar masa da martani cewa bai dace sanata ya fifita sojan Rasha a kan na ƙasarsa ba. Zagi ya yi yawa har rundunar ta rufe wurin sharhi a ƙarƙashin bidiyoyin a YouTube.

Da yawa daga cikin waɗanda suka ga wannan haɗin bidiyo, har da masu kallo daga nesa irinmu, sun yanke hukunci nan take cewa sojan Amurka ya lalace, ko kuma akasin haka, cewa duk mai sukar tallar mai ƙin mata ne da baƙar fata. Lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, kuma tushensa ya girmi intanet da shekaru masu yawa.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Idan aka ce wakilcin jinsi da launin fata a aikin soja, abubuwa uku ne mabambanta ke ɓoye a cikin maganar, kuma mafi yawan ruɗanin ya samo asali ne daga rashin rarrabe su. Na farko shi ne hoto, wato wa aka nuna a allon talla da talabijin, kuma yana yin me: mace ce ke riƙe da bindiga ko tana zaune gaban kwamfuta, baƙar fata ne ke ba da umarni ko shi ake ba umarni. Na biyu shi ne ma'auni, wato sharuɗɗan lafiya da ƙarfin jiki da jarrabawar da kowane mai neman shiga zai ci. Na uku shi ne kaso, wato ware gurabe ko fifita wani rukuni a kan wani wajen ɗauka ko ƙarin girma. Ana iya sauya hoto ba tare da an taɓa ma'auni ba, ana kuma iya sassauta ma'auni alhali hoton yana nan yadda yake. Mai karatu a Nijeriya ba zai rasa fahimtar abu na ukun ba, domin sashe na 217 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta cewa hafsoshi da ƙananan sojoji su nuna yanayin tarayyar ƙasar, don kada wani yanki ya mamaye rundunar. A Amurka doka ba ta ware irin wannan kaso wajen ɗaukar kurata ba, shi ya sa talla ta zama babbar hanyar da runduna ke bi ta ja hankalin rukunin da take ganin ya yi mata ƙaranci.

Akwai kuma kalmar Ingilishi da ke yawo a bakin masu suka, wato "woke". Asalinta daga bakin baƙar fatar Amurka ta fito, da ma'anar mutum ya kasance a farke game da zaluncin wariya. Daga baya masu ra'ayin riƙau suka mayar da ita kalmar zargi, suna jifan duk wata manufa da suke ganin ta fifita batun jinsi da launin fata a kan cancanta.

Lokacin da hoto ya riga gaskiya

Neman baƙar fata su shiga soja ba sabon abu ba ne. A 1863, ana tsakiyar Yaƙin Basasar Amurka, Frederick Douglass, wanda shi kansa ya tsere daga bauta, ya yi kira ga baƙar fata su ɗauki makami, kuma kafin yaƙin ya ƙare kimanin 180,000 daga cikinsu sun yi aiki a rundunar ƙasa ta Arewa, a rukunoni na daban, ƙarƙashin hafsoshi fararen fata, da albashin da a farko bai kai na takwarorinsu ba.

Labarin da ya fi bayyana tazarar da ke tsakanin hoto da bariki shi ne na Doris Miller. A ranar 7 ga Disamban 1941, lokacin da Japan ta kai hari a sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, Miller ma'aikacin ɗakin cin abinci ne a jirgin yaƙi na West Virginia, domin a wancan zamani kusan wannan ne kaɗai aikin da rundunar sojan ruwa ke bari baƙar fata ya yi. Ya taimaka wajen ɗauke waɗanda suka jikkata, sannan ya kama bindigar harbo jiragen sama wadda ba a taɓa koya masa sarrafa ta ba, ya yi ta harbi. Sai da jaridun baƙar fata suka matsa lamba kafin a karrama shi da babbar lambar yabo ta sojan ruwa a 1942. A 1943 gwamnati ta buga hotonsa a takardar talla da lambar a ƙirjinsa, don jan hankalin matasa baƙar fata. Shi kuwa Miller an mayar da shi teku a matsayin mai dafa abinci, kuma a watan Nuwamban wannan shekarar ya mutu lokacin da aka nutsar da jirgin da yake ciki. Tallar ba ta yi ƙarya a kan jarumtarsa ba, amma ta ɓoye wa yaron da ya gan ta cewa shi ma idan ya shiga, mai yiwuwa tukunya za a miƙa masa. Sai a ranar 26 ga Yulin 1948 ne Shugaba Harry Truman ya sanya hannu a kan umarni mai lamba 9981 da ya haramta nuna bambancin launin fata a rundunonin ƙasar, kuma aiwatar da shi ya ɗauki shekaru, har zuwa bayan Yaƙin Koriya.

Mata kuwa an daɗe ana sa su a takardun talla tun kafin a yarda su zama sojoji cikakku. A 1917 akwai shahararriyar takarda mai nuna budurwa sanye da kayan sojan ruwa tana cewa da ma ita namiji ce da ta shiga, wanda manufarta ita ce a kunyata samari su fito. A Yaƙin Duniya na Biyu saƙon ya koma cewa mace ta karɓi aikin ofis don a saki namiji ya tafi fagen fama. Dokar 1948 da ta ba mata damar zama sojoji na dindindin ta ƙayyade cewa kada su wuce kashi 2 cikin 100 na runduna, kuma wannan iyaka ta zauna har 1967.

Shekarar da soja ya shiga kasuwa

Ba za a fahimci wannan muhawara ba sai an tsaya a kan 1973. Kafin wannan shekara gwamnati na iya aika wa saurayi takarda ta ce ya bayyana a bariki, ko yana so ko ba ya so. Yaƙin Biyetnam ya sa jama'a suka tsani wannan tsari, musamman ganin cewa 'ya'yan masu hali na samun hanyar kauce masa ta karatun jami'a, alhali a shekarun farko na yaƙin baƙar fata sun haura kashi 20 cikin 100 na waɗanda suka mutu a fagen daga, adadin da ya kusa ninka kasonsu a cikin al'umma. Gwamnatin Richard Nixon ta soke aikin soja na tilas, kuma daga Yulin 1973 duk wanda ya sanya kaki da son ransa ya sanya.

Daga nan runduna ta zama mai haja a kasuwar ƙwadago, tana gogayya da masana'antu da kantuna da jami'o'i wajen neman matasa 'yan shekara 18. Ta ɗauki kamfanonin talla, suka yi binciken kasuwa kamar yadda ake yi wa sabulu ko mota, suka kuma gano abin da kowane ɗan kasuwa zai gano, cewa haja ta fi tafiya a wurin wanda ya fi buƙatarta. Saurayi baƙar fata da ake rufe wa ƙofa a kamfanoni ya ga cewa a soja albashin kofur ɗaya ne ko wane ne shi, ga magani kyauta, ga tallafin karatu bayan ya gama. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 baƙar fata sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙananan sojojin ƙasa. Mata, waɗanda ba su wuce kimanin kashi 2 cikin 100 ba a 1973, su ma aka shiga nemansu, saboda yawancin masu zuwa sun kammala sakandare kuma suna cin jarrabawar shiga da kyau. A 1976 aka buɗe musu manyan makarantun horar da hafsoshi, a 1978 aka rushe rundunar mata ta daban aka haɗe su da maza. Taken "Be All You Can Be", mai nufin mutum ya zama duk abin da zai iya zama, wanda aka yi amfani da shi daga 1980 zuwa 2001, bai dogara ga nuna yaƙi ba, alƙawarin sana'a da ci gaban kai ya sa a gaba. A farkon shekarun 2000 kuma aka ƙara ƙarfi wajen yin talla da harshen Sifaniyanci don 'yan asalin Latin Amurka.

Abin da wannan tarihi ke nunawa, a fahimtata, shi ne cewa buƙata ce ta fara buɗe ƙofa kafin aƙida ta iso. Janar-janar ɗin shekarun 1970 ba 'yan gwagwarmayar 'yancin mata ba ne, gurabe suke da su da ba su cika ba. Matakin ƙarshe ya zo a Disamban 2015, lokacin da Sakataren Tsaro Ash Carter ya buɗe wa mata dukkan ayyukan fagen fama ba tare da togiya ba. A yau mata sun kai kimanin kashi 17 zuwa 18 cikin 100 na sojojin da ke bakin aiki.

Shin tallar ce ta kori kurata?

Shekara guda bayan fitowar tallar Emma, rundunar sojan ƙasa ta shiga mafi munin ƙarancin kurata tun 1973. A shekarar kasafin kuɗi ta 2022 ta nemi mutum 60,000, ta samu kimanin 45,000. A 2023 ta ɗaga burinta zuwa 65,000, ta sake gazawa da kimanin 10,000. Masu suka suka ce ga sakamako nan, an wulaƙanta samarin da suka saba cika bariki, su kuma sun juya baya. Suna da wata hujja da bai kamata a yi watsi da ita ba: alƙaluman rundunar da kafar Military.com ta wallafa a farkon 2024 sun nuna cewa fararen fata da suka shiga sun ragu daga 44,042 a 2018 zuwa 25,070 a 2023, alhali adadin baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka bai sauya sosai ba. Kuma kusan kashi 80 cikin 100 na masu shiga sojan ƙasa suna da ɗan uwa da ya taɓa yin aikin, wanda ke nufin idan uba ɗan mazan jiya ya ga abin da ya ɓata masa rai ya ce wa ɗansa kada ya shiga, maganarsa ta fi kowace talla nauyi.

Sai dai akwai wasu dalilai da suka faɗo a lokaci guda, kuma kowannensu ya isa ya girgiza ɗaukar soja shi kaɗai. Binciken Ma'aikatar Tsaro ya nuna cewa kashi 23 cikin 100 ne kacal na matasa 'yan shekara 17 zuwa 24 suka cancanci shiga ba tare da an yi musu sassauci ba, sauran kuwa ƙiba ko rashin lafiya ko shaye-shaye ko tarihin aikata laifi ya hana su. Annobar korona ta rufe makarantun sakandare, waɗanda nan ne jami'an ɗaukar soja ke haɗuwa da matasa ido da ido, ta kuma jawo koma-baya a karatu. A 2022 aka fara amfani da wata sabuwar manhaja da ke zaƙulo tarihin asibitin mai neman shiga, ta yadda ciwon asma na ƙuruciya ko maganin damuwa da a da ake yin shiru a kansu suka fara riƙe takardu na tsawon watanni. Rashin aikin yi ya sauka zuwa kusan kashi 3.5 cikin 100, kantuna da kamfanonin dakon kaya suna ƙara albashi har da tallafin karatu. Ga kuma yadda aka fice daga Afganistan a Agustan 2021, bayan shekara 20 ana yaƙin da matasa suka tashi suna ganin waɗanda suka dawo daga gare shi da raunuka a jiki da zuciya.

Rundunar da kanta ta tambayi matasa a 2022 abin da ke hana su shiga. Amsoshin da suka fi yawa su ne tsoron mutuwa, tsoron taɓuwar hankali bayan yaƙi, da rabuwa da dangi da abokai. Kimanin kashi 5 cikin 100 ne suka ambaci batun "woke", yayin da kashi 13 suka ce suna tsoron za a nuna wa mata da tsiraru bambanci. Wato waɗanda ke gudun wariya sun fi waɗanda ke gudun yaƙi da wariya yawa. Game da kwatancin Rasha kuwa, ya kamata a tuna cewa har yanzu Rasha na ɗaukar samari aikin soja na tilas, kuma abin da ya faru da dakarunta a kan hanyar Kyiv, babban birnin Ukraine, a farkon 2022 ya nuna cewa tsaurin fuska a bidiyo ba ya kai mai da abinci bakin daga.

Inda kowane ɓangare yake da gaskiya

Masu goyon bayan faɗaɗa wakilci suna kafa hujja da lissafi. Idan kashi 23 ne kawai suka cancanta, kuma rabinsu mata ne, sannan a cikin yaran Amurka 'yan ƙasa da shekara 18 fararen fata da ba 'yan asalin Latin ba sun koma ƙasa da rabi, to rundunar da ke magana da fuska ɗaya ta yanke wa kanta yawancin kasuwa. Suna ƙarawa da cewa mafi yawan ayyukan sojan zamani ba na gudu da bindiga ba ne, akwai gyaran injuna, jinya, sadarwa, sarrafa jirage marasa matuƙa da tsaron intanet. Suna kuma tuna wa mutane rikicin launin fata da ya ɓarke a barikoki da jiragen yaƙi a ƙarshen Yaƙin Biyetnam, lokacin da ƙananan sojoji baƙar fata suka yi yawa amma kusan dukkan hafsoshi fararen fata ne.

Masu suka kuma ba duka ne ke magana da ƙiyayya ba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce horon soja an gina shi ne a kan narkar da ɗaiɗaiku su zama jiki ɗaya, shi ya sa ake aske kai, a ba kowa kaki iri ɗaya, a kira shi da muƙaminsa. Tallar da ta ɗauki mintuna tana bayanin asalin mutum da gidansu da ra'ayinsa, ta bar aikin da kansa a 'yan daƙiƙoƙin ƙarshe, tana koyar da akasin haka. A nan ina ganin suna da abin dubawa. Kuskuren tallar 2021 ba nuna mace ba ne, domin an shafe shekara kusan 50 ana nuna mata a tallar soja ba tare da irin wannan hayaniya ba. Kuskuren shi ne ta tsoma runduna cikin batun da ya raba jam'iyyun ƙasar gida biyu, alhali ƙarfin soja a idon jama'a ya dogara ne ga kowa ya ɗauke shi nasa. Inda na rabu da su shi ne wajen tsallakawa daga hoto zuwa ma'auni, suna cewa tunda an nuna mace to an sassauta horo, wanda magana ce ta daban da ke buƙatar hujjarta ta daban.

Abin da ya faru a Birtaniya

Birtaniya ta ba da misalin da ya fayyace iyakar da ke tsakanin talla da kaso. A farkon 2018 rundunar sojan ƙasarta ta fitar da tallace-tallace masu amsa tambayoyin da matasa ke jin nauyin yi, ciki har da ko mutum zai iya riƙe addininsa a soja. Ɗaya daga ciki ta nuna soja Musulmi ya yi alwala ya tayar da salla a gefen tsauni, abokan aikinsa suka tsaya shiru suna jiransa har ya idar. Wasu tsofaffin hafsoshi, irin su Kanar Richard Kemp, sun ce an manta da ainihin masu son aikin soja, amma babu wanda aka tauye wa haƙƙi da wannan hoto, kuma ga Musulmin Birtaniya, waɗanda kasonsu a soja ya yi ƙasa sosai da kasonsu a cikin al'umma, saƙo ne mai ma'ana.

Na rundunar sojan sama ya bambanta. Shugabanninta sun sa wa kansu burin ƙara yawan mata da tsiraru, sai matsin cika burin ya sa aka riƙa gabatar da su a jerin masu zuwa horo ana jinkirta fararen fata maza. Jami'ar da ke kula da ɗaukar sababbi, Elizabeth Nicholl, ta ƙi bin umarnin da ta ga ya saɓa doka, ta ajiye muƙaminta a 2022. Binciken da aka fitar a Yunin 2023 ya tabbatar da cewa an karya dokar daidaito, aka biya mutum 31 diyya, sabon shugaban rundunar Richard Knighton ya nemi afuwa. Dokar ƙasar ta yarda a yi kira na musamman ga rukunin da ya yi ƙaranci, amma ba ta yarda a ture wani daga layi saboda launinsa ko jinsinsa ba.

Tsakanin allon talla da bariki

A nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne muhawarar ta fi yin sakaci. Matashiyar da ta ga mace irinta a talla ta sanya hannu a kwantiragin shekara huɗu, ba za ta iya ajiye aikin ba idan ta tarar da wani abu daban. A Afrilun 2020 wani soja ya kashe Vanessa Guillén, soja 'yar asalin Latin Amurka mai shekara 20, a barikin Fort Hood da ke Texas, bayan ta shaida wa danginta cewa ana cin zarafinta amma tana tsoron kai ƙara. Binciken da ya biyo baya ya sa aka sauke ko aka dakatar da shugabanni 14 a barikin. Ƙididdigar Ma'aikatar Tsaro ta 2021 ta ƙiyasta cewa kashi 8.4 cikin 100 na mata sojoji sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata a cikin shekara guda. Iyaye 'yan asalin Latin Amurka da suka ga hoton Vanessa a bangon unguwanninsu ba sa buƙatar wata talla ta gaya musu yadda bariki yake.

Haka batun ƙarin girma. A Mayun 2020 jaridar New York Times ta ƙirga cewa kashi 43 cikin 100 na sojojin da ke bakin aiki ba fararen fata ba ne, amma a cikin manyan kwamandoji 41 masu tauraro huɗu, biyu ne kawai baƙar fata. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne manyan muƙamai sun fi fitowa daga sassan fagen fama, irin su sojan ƙafa da tankokin yaƙi da tuƙin jiragen yaƙi, alhali baƙar fata sun fi taruwa a sassan sufuri da kayan aiki da mulki, inda ake samun sana'ar da za ta yi amfani bayan an tuɓe kaki. Talla tana da hannu a wannan, domin shekara da shekaru ana tallata wa wannan rukuni sana'a da kuɗin makaranta, ana tallata wa wancan jarumta da shugabanci. Don haka yawan fuskokin da aka nuna bai kai muhimmancin aikin da aka nuna kowace fuska tana yi ba.

Bayan sauyin gwamnati

Tun kafin zaɓen 2024 rundunar ta sauya salo. A Maris ɗin 2023 ta dawo da tsohon taken nan na 1980, ta mayar da hankali kan aiki da tarihi. Abin da ya fi tasiri kuwa ba talla ba ne: a Agustan 2022 ta buɗe wani shirin share fage a barikin Fort Jackson da ke South Carolina, inda ake ba waɗanda ƙiba ko faɗuwa jarrabawa ta hana su shiga horo na tsawon har kwana 90 don su kai ma'auni. Ta ɗaga kuɗin ihsanin shiga zuwa dala 50,000 ga wasu ayyuka, majalisa kuma ta amince da ƙarin albashi na kashi 14.5 cikin 100 ga mafi ƙanƙantar sojoji a 2025. A shekarar kasafi ta 2024 rundunar ta cika burinta na 55,000, kuma mata kusan 10,000 ne suka shiga, ƙarin da ya fi na maza sauri.

A Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sanya hannu a kan umarnin rushe ofisoshin daidaito da haɗa kowa a Ma'aikatar Tsaro. Sakataren Tsaronsa Pete Hegseth ya bayyana cewa maganar da ake yi cewa bambance-bambancen jama'a su ne ƙarfin runduna ita ce mafi wauta a tarihin soja. A Fabrairu aka sauke Janar C.Q. Brown, baƙar fata na biyu da ya shugabanci majalisar manyan hafsoshi bayan Colin Powell, da Admiral Lisa Franchetti, mace ta farko da ta jagoranci sojan ruwa. Bidiyoyin rundunoni suka koma nuna tankoki da ɗaga ƙarfe da harbi. A Yunin 2025 sojan ƙasa ya sanar da cika burin 61,000 wata huɗu kafin wa'adi, gwamnati ta ce sabon salon ne ya jawo. Amma shekarar kasafin ta fara ne tun Oktoban 2024, da kimanin mutum 11,000 da suka riga suka sanya hannu suna jiran a kira su, kuma farfaɗowar ta soma ne ƙarƙashin gwamnatin da ake zargi da lalata rundunar.

Ga talakan Amurka, musamman baƙar fata da baƙi 'yan ci-rani masu takardar zama, waɗanda aikin soja ke gaggauta musu samun zama 'yan ƙasa, kaki na nan a matsayin ɗaya daga cikin 'yan hanyoyin samun magani da karatu da rancen gida. Abin da zai nuna ko sauyin saƙo ya rufe musu wannan hanya ko bai rufe ba shi ne alƙaluman shekaru masu zuwa: mata nawa za su ci gaba da shiga bayan Hegseth ya umarci, a taron janar-janar da aka yi a barikin Quantico a ƙarshen Satumban 2025, cewa a auna masu aikin fagen fama da ma'aunin ƙarfin jiki mafi girma na maza, da kuma nawa ne daga cikin waɗanda suka riga suka shiga za su sabunta kwantiraginsu idan wa'adinsu na farko ya cika.